Suna Ɗaya a Takardar Mata

Na'Allah mai gyaran moto, wato babur, a bakin titin Tsarnawa mutum ne mai tsoron bakin jama'a. In ya ji dariya a bayansa sai ya shafa wandonsa ya ji ko yagewa ya yi. Amma ga shi ranar wata Asabar, bayan girbin geron 2006, ya kama hanyar Malbaza da ɗiyarsa Balkissa a bayan moto, tana riƙe da ƙullin tsumma mai duwatsu goma sha biyu, zai kai ta tsakiyar maza ta buga dara.

Shi ya koya mata. Tana da shekara tara amalanke ta karya masa ƙafa, ya yi wata huɗu kwance a tsakar gida. Abokan fadarsa, inda suke zaman hira bakin titi, suka yi sati biyu suna zuwa sannu, daga nan suka ɗauke ƙafa. Don kada kaɗaici ya gama da shi, sai ya sa ta tona gidaje talatin a ƙasa kusa da tabarmarsa, ya ba ta duwatsu, shi ya ɗauki karare. Ya nuna mata yadda ake zubi ɗaya bayan ɗaya, da yadda wanda ya jera uku yake cin ɗan abokin wasansa. Kafin ya aje sanda ta fara cinye shi. Yanzu shekarunta goma sha tara, tana ɗinki a gida, kuma shekara huɗu ke nan rabon da ya tashi daga gabanta da nasara.

Sanarwar a radiyo suka ji ta. Wata ƙungiyar wasannin gargajiya za ta zaɓi gwanayen dara na yankin Konni da Malbaza da Illela, wanda ya ci a kai shi babbar gasa a Tawa. Mai sanarwa ya ce maza da mata, ya sake faɗi har sau uku.

"Baba, kun ji? Sun ce har da mata."

"Na ji. Radiyo ba shi da kunya, komi aka ba shi faɗi zai yi."

Kwana biyar yana juya maganar. Ya tuna bakin 'yan fada, ya tuna 'yan uwansa na Alela da abin da za su ce ranar suna ko biki. Uwar yarinyar ta ce ita babu ruwanta, wanda ya koya mata shi ya san yadda zai yi da ita. A rana ta shida ya tarar da Balkissa zaune gaban gidajen dara ita kaɗai, tana buga wa ɓangare biyu, ta ci da dama ta rama da hagu. Ya tsaya yana kallo har ta gama. Ya ce ta wanke mayafinta, za su je.

A wani fili kusa da tasha aka yi taron, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, inda kamyon siminti suke jeruwa suna jiran lodi. An tona gidajen dara wuri shida. A gefe ga tebur, a bayansa malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Konni, wanda ake kira Mushe Fa'izu kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, shi ne sakataren ƙungiyar. Takarda biyu ce a gabansa. Ɗaya ta cika da suna ashirin da shida, ɗayar fara fat.

Tun saukarsu daga moto ido ya koma kansu. Na'Allah ya jingine moton. Ya matsa ya yi sallama, ya faɗi sunan ɗiyarsa.

"Madalla," in ji Mushe Fa'izu, har da murmushi. Ya rubuta sunan a farar takardar da kyakkyawan rubutu. "Ka ga abin da muke so ke nan. Waɗanda suka taimaka muna da kaya sun ce lalle a ga mata. Ta samu inuwa ta zauna."

"Da wa za ta buga?"

"Sai wata ta zo."

"In ba ta zo ba fa?"

Mushe ya ɗaga wata takarda mai hatimi. "Doka a rubuce ta zo muna. Maza da maza, mata da mata. Kuma ba a aika kowa Tawa sai an buga wasa ya ci. Mutum ɗaya ba ya gasa da kansa."

Suka zauna jira. Hantsi ya yi, maza suka fara zubi, ana ta ba'a da shewa a kan duk wanda aka cinye aka tasa. Babu macen da ta zo, sai masu tallan kunu. Balkissa na zaune bisa tushen itace da ƙullinta a cinya, idonta na kan wasan da ya fi kusa. Na'Allah ya ga leɓenta na motsi duk lokacin da wani ya yi kuskure. Abin ya ci shi, ya tashi ya koma wurin tebur.

"Mushe, ku sa ta cikin maza mana."

"Ba ya yiwuwa."

"Ni aji huɗu na tsaya a lakwal, kai ka yi karatu, ka ganar da ni. Kokowa ce? In kokowa ce na yarda, namiji ya fi ƙashi. Gudu ne? Wanga dutse bai kai ƙwallon goriba ba. Wane ƙarfi ake so a ɗauke shi daga wanga rami a sa shi wancan?"

"Don a kare su ne aka raba," in ji Mushe. "In an haɗa su da maza ba za su ga komi ba, sai su karaya."

"To ka bari ta karaya. Ni ubanta na yarda."

Maganar ta jawo mutane. Cikinsu har da Lurwanu, direban kamyon siminti, wanda shekara uku babu wanda ya tashe shi a Malbaza. Ƙato ne mai sanyin murya, da asawaki a baki.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Ni ba ni zama da ita. In na cinye ta, a ce Lurwanu ya cinye mace, mi na samu? In ta cinye ni, daga nan har Doso babu tashar da zan tsaya in sha shayi lafiya."

Aka yi dariya. Wani tsoho daga Illela ya ce tun kakanninsu ba a taɓa yi ba, mace da dutsen niƙa aka san ta, ba dutsen dara ba.

"Lurwanu, bayan rumfata ai kana zama."

Kowa ya waiwaya. Tanimun ne, ɗan daudun da ke sayar da shinkafa da miya a tasha, wanda duk garin ke kira Goggo. Ya ba hamsin baya, da zane ɗaure bisa rigarsa, da lalle a tafin hannu. Tun da safe ya zo a rubuta shi, mazan suka ce ba su haɗa gwiwa da shi, Mushe ya ce ya jira tukuna. Yana tsaye can gefe tun lokacin.

"Shekara ashirin direbobi na jiran lodi suna buga dara da ni bayan rumfa, inda ba a gani," ya ce. "Sau nawa na tashe ka, Lurwanu? Faɗi, ko in faɗi?"

Lurwanu ya tofar da ɓawon asawaki, ya kau da kai. Sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"Ai ga ta biyu nan. Mushe, rubuta Goggo cikin mata."

Fili ya ɗauki shewa. Waɗanda ke tsakiyar wasa suka bar duwatsunsu suka taho. Mushe Fa'izu ya dubi taron, ya dubi takardarsa mai suna ɗaya, ya yi 'yar dariya, ya ɗauki bik ya rubuta Tanimun ƙarƙashin Balkissa.

Na'Allah ya ji kansa ya yi zafi. Abin da ya kwana biyar yana tsoro ne ya zo, har ya fi yadda ya zata. Ya hango labarin yana isa Tsarnawa kafin su isa, ya hango 'yan fada suna kwaikwayon tafiyar Goggo duk sa'ad da ya wuce. Ya buga tebur da hannu.

"Wanga ƙato za ku zaunar gaban ɗiyata? Namiji ne, kowa nan ya san namiji ne. Ku dubi gemunsa. Ɗiyata ba ta zama gaban ɗan daudu ku mai da ita abin kallo."

Tanimun ya dube shi daga sama har ƙasa, ya gyara zanensa.

"Malam, ɗazu kai ne ke roƙo a zaunar da ita gaban maza ashirin da shida. Ni kaɗai na yi maka yawa?"

Na'Allah ya sunkuyar da kai. Balkissa ta taso ta tsaya kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, dariya tun da muka sauka moto suke yin ta. Ni dara na zo bugawa. In ban buga da shi ba, babu Tawa."

"Kin san abin da za a ce?"

"Na sani. Ku bar ni."

Ya dubi Mushe. "In ta ci, tana zuwa Tawa?"

"A buga mu gani," in ji Mushe.

Aka ba su wuri. Tanimun ya zauna ya lanƙwashe ƙafa, ya zaro kararensa daga aljihu, sun yi baƙi sun yi santsi don shan hannu. Balkissa ta kwance ƙullinta. Wanda ya ci biyu cikin uku shi ke da nasara. Mutane suka kewaye su har iska ba ta shiga, ana ta jifa da magana. Wani ya ce a kawo musu turmi in sun gama. Wani ya ce a yi a hankali kada lallen Goggo ya goge. Na'Allah ya tsuguna bayan ɗiyarsa.

Tun a zubi ya gane Tanimun ba abin wasa ba ne. Ba ya tunani mai tsawo, kara na sauka kamar da ka, amma duk inda Balkissa ta nufa sai ta tarar an riga ta. Wasan farko bai daɗe ba ya cinye ta. Na'Allah bai taɓa ganin an yi mata haka ba. Ya leƙa fuskarta yana tsoron hawaye, sai ya ga idonta ya buɗe, kamar wadda ta daɗe da yunwa aka aje mata akushi.

"Sake," ta ce.

A wasa na biyu ta canza zubi, ta bar tsakiya ta kama gefe. Tanimun ya ɗaga kara ya tsaya da shi a sama, karo na farko. Ba'a ta fara raguwa. Tsohon Illela ya ture wani ya matso gaba. Da ta ci ɗa na uku wani ya ce "kai" a hankali, babu wanda ya yi dariya. Ta cinye.

Na uku ya ja har inuwa ta gusa daga kansu, babu wanda ya ce su matsa. Suka rage bakwai da bakwai, aka daɗe babu ci. Sai Balkissa ta tura dutse inda kowa ya ga za a cinye shi. Na'Allah ya kusa yin magana, ya danne. Tanimun ya ci. Ta sake ba shi wani, ya ci. Tsohon Illela ya girgiza kai ya ce yarinta. Amma kararen da Tanimun ya matsar don cin biyun nan su ne ke tsare da layin gefe. Ta sami wuri inda dutse ɗaya in ya matsa gaba ya cika uku, in ya dawo baya ya cika wasu uku. Tanimun ya dubi ƙasa ya daɗe, sa'an nan ya zubar da sauran kararen daga hannunsa.

"Ke yarinya, wa ya koya miki wagga mugunta?"

"Baba."

"Ƙarya kike. Shi wannan ba shi da zuciyar ba da biyu." Ya kwashe kararensa. "Ki je Tawa ki yi musu haka. Amma ki daina gaggawa a zubi, nan na kama ki."

Na'Allah ya miƙe. Ya manta da 'yan fada, ya manta da Alela. Ya nufi tebur da sauri.

"Mushe, ta ci. Wace rana ce tafiyar?"

Mushe Fa'izu bai ɗago ba, yana jera takardu. "Wasa ya yi kyau ƙwarai. Kowa ya ji daɗi. Amma ka san ba za a lissafa shi ba."

"Kamar yaya?"

"Tanimun namiji ne. Kart ɗinsa ta shaidar ɗan ƙasa haka ta ce. Kai ma da bakinka ka faɗi gaban kowa, har kana buga mini tebur. In na aika takarda Tawa suka ga sunan namiji cikin mata, ni za a kira buro gaban manya, ba kai ba."

"To don mi ka rubuta shi?"

"Jama'a suka so. Na ce a ɗan yi nishaɗi."

"Nishaɗi." Na'Allah ya ji muryarsa ta canza, har shi bai gane ta ba. "To na ji, namiji ne. Ke nan ta cinye namiji gaban idonka. Sa ta cikin maza."

"Ba ya cikin takardar maza."

"Ba ya cikin maza, ba ya cikin mata. To shi mine ne?"

"Wannan ba aikina ba ne."

Tanimun na tsaye a baya, hannu a ƙugu. "Da safe ban isa namiji ba, da azahar ban isa mace ba," ya ce. "Mushe, in la'asar ta yi ka aiko a gaya mini abin da na zama."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi ƙarfi ba. Na'Allah ya juya. An riga an gama na maza, Lurwanu ne ya ci kamar yadda kowa ya zata, yana tsaye ana ba shi hannu. Na'Allah ya ratsa mutane ya kama hannun rigarsa, ya jawo shi har gaban gidajen da Balkissa ta buga. Ita tana nan zaune ba ta tashi ba.

"Zauna. Wasa ɗaya. Babu takarda, babu Tawa, ka riƙe Tawarka. Zauna mu ga wanda za a aika da sunanmu."

Tsohon Illela ya ce, "Zauna mana, Lurwanu." Lurwanu ya dubi yarinyar, ya dubi gidajen talatin a ƙasa. Ya cire asawaki daga baki. Sai ya sa takalminsa ya share su, layi bayan layi, har ƙasa ta koma sumul. Ƙura ta tashi ta sauka bisa zanen Balkissa. Ya juya ya tafi wajen motarsa, babu wanda ya bi shi da kirari.

Mushe Fa'izu ya ga abin na neman ɓaci, ya taho da bokitin roba da turmin zane a ciki.

"Ga kyautar ɓangaren mata," ya ce. "Sunanta na nan, za mu kai rahoto cewa mace ta fito daga Tsarnawa. Abin alfahari ne. Baɗi in Allah ya kai mu wataƙila a samu ta biyu."

Balkissa ta tashi ta kakkaɓe zanenta. Ba ta dubi bokitin ba.

"Mushe, ku share sunana."

"Don mi?"

"Kada a kai Tawa a ce an yi gasar mata a Malbaza. Ba a yi ba."

"Wannan takardar ƙungiya ce, ba a share ta."

Na'Allah bai san lokacin da ya isa tebur ba. Shi da kafin ranar nan bai taɓa ɗaga murya gaban mai riƙe da bik ba, shi da in ya hango jandarma yake sauka daga moto tun daga nesa, ya fizgi takardar matan ya yaga ta biyu, ya haɗa ya sake yagawa, ya watsa a cikin bokitin.

"Ga matanku nan. Ku kai musu."

Mushe ya yi ta faɗa, yana cewa muddin shi ne sakatare sunan yarinyar nan ba ya sake hawa takarda, ko baɗi ko baɗin baɗaɗa. Na'Allah bai tsaya ji ba. Ya ce wa Balkissa ta ɗauko duwatsunta.

Hanyar fita ta gaban tasha ta bi. Tanimun ya riga ya koma rumfarsa, yana tsaye kan tukunya da ludayi. Na'Allah ya tsai da moto, ya sauka, ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Maganar da na yi ɗazu," ya ce. "Zafin rai ne."

Tanimun bai waiwayo ba. "Na ji wadda ta fi ta, Malam. Ba ni ka yi wa ba. Ni gobe ina bayan rumfa da direbobi. Ita da wa za ta buga?" Ya buga ludayi a bakin tukunya. "Matsa, kana tare mini masu saye."

Suka hau titi. Rana ta karkata, kamyo na wuce su ɗaya bayan ɗaya, iskarsu na kaɗa moton. Na'Allah na ta zagi shi kaɗai. Ya zagi Mushe da takardarsa mai hatimi, ya zagi Lurwanu da takalminsa, ya zagi wanda ya zauna a buro ya raba ramin ƙasa gida biyu. Ya ce matsorata ne dukansu, maza ashirin da shida sun gudu gaban yarinya guda. Da suka hango rumbunan Tsarnawa sai Balkissa ta kira shi.

"Baba."

"Na'am."

"Mushe ya ce ku da bakinku kuka faɗi cewa Goggo namiji ne."

"Ai ko ban faɗi ba haka zai yi. Nema yake yi."

"Wataƙila," ta ce. "Amma kun faɗi."

Ya rage wuta ya sauka daga kwalta zuwa hanyar gida. 'Yan fada na zaune bakin titi sun kewaye dararsu, suna hango shi suka fara ɗaga hannu suna tambayar yaya Malbaza, yaushe ne tafiya Tawa. Ya wuce su bai amsa ba.